Iya Ruwa Fid da Kai: Darasin Numfashin da Muka Hana 'Ya'yanmu

Da safiyar Asabar, 14 ga Satumba 2024, wani kwale-kwalen katako ya kife a gulbin da ke gefen garin Gummi, ɗauke da manoma kimanin 70 da ke kan hanyar zuwa gonakinsu a tsallake. Alƙaluman waɗanda suka rasu sun sha bamban daga baki zuwa baki: wasu suka ce sun haura 40, wasu kafofin suka ce ana fargabar 64 ne. Wani basaraken yankin ya shaida wa manema labarai cewa manoma sama da 900 ke ƙetare ruwan a kullum, alhali jirage biyu kacal ke jigilarsu. Abin da ya biyo baya kuwa kowa ya haddace shi: saƙonnin ta'aziyya daga Gusau da Abuja, alkawura, sai shiru har wata daminar.

An yi magana a kan lodin da ya wuce kima, kuma ya cancanci a yi. An yi magana a kan tsofaffin jirage da rashin rigunan kariya, wannan ma gaskiya ne. Amma akwai tambaya guda da na yi ta sauraro ban ji an yi ta ba: cikin bayin Allah da suka tsinci kansu a ruwa a safiyar nan, mutum nawa aka taɓa zaunar da shi aka koya masa yadda ake numfashi a cikin ruwa?

Ba mamatan nake tuhuma ba, Allah Ya jiƙansu Ya karɓi shahadarsu. Tuhumata a kanmu take, mu da muka yi boko, muke rubuta manhajar makarantu, muke tsara kasafin ƙananan hukumomi, muke hawa mumbari da makirfon rediyo. Al'ummar da ke zaune tsakanin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, daga Anka zuwa Bukkuyum da Adabka har Gummi, tana noma a fadama, tana cin kasuwa a tsallake, wani lokacin ma tana tsere wa 'yan bindiga ta cikin ruwa, amma ba ta da wani tsari, ko na gargajiya ko na hukuma, da ke tabbatar da cewa kowane yaro ya san abin da zai yi da bakinsa da hancinsa idan ƙafarsa ta daina taɓa ƙasa. Wannan ilimi ne da ake koyarwa cikin 'yan makonni. Rashinsa sakaci ne, kuma sakacin namu ne.

Minti ɗaya na farko

Galibinmu mun ɗauka wanda ruwa ke ci yana ihu yana ɗaga hannu, kamar yadda ake nunawa a fim. Masu aikin ceto sun daɗe da sanin ba haka abin yake ba. Mai nutsewa shiru yake yi, domin numfashin da zai yi magana da shi ma babu. Jikinsa a tsaye yake cikin ruwa kamar mai hawa tsani, hannayensa na danna ruwa ƙasa, bakinsa na leƙowa yana komawa. Wannan fafutika ba ta cika wuce daƙiƙa 20 zuwa 60 ba. Bayan ya nutse kuma, mintuna huɗu zuwa shida ba tare da iska ba sun isa su fara lalata ƙwaƙwalwa.

Me ke faruwa a wannan minti ɗayan? Wanda bai saba ba, da ya faɗa ruwa sai ya ja numfashi da ƙarfi ya riƙe. Yana ganin iskar nan ita ce jarinsa, bai kamata ya saki ko kaɗan ba. To amma abin da ke sa mutum jin ƙirjinsa zai fashe ba ƙarancin iskar oksijin ba ne da farko. Taruwar iskar kabon ce a cikin jini, wato dattin da jiki ke fitarwa ta huhu. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, wadda muke fitarwa kuma har yanzu tana da kusan kashi 16. Ma'ana, mai riƙe numfashi yana da sauran guzuri a lokacin da firgici ya kama shi. Kabon ɗin da ya ƙi fitarwa shi ke buga masa ƙararrawa.

Da bakinsa ya leƙo sama, yana da abin da bai kai daƙiƙa guda ba, kuma aiki biyu ke jiransa: ya fitar da tsohuwar iska, ya jawo sabuwa. Lokacin ba ya isa. Sai ya shaƙi rabi iska rabi ruwa, ruwan ya sarƙe shi, maƙogwaro ya tsuke, tari ya taso, firgici ya ninku. Ƙarfin damtse ba ya hana wannan. Manomin da ke yin kunya ɗari kafin hantsi zai iya ƙarewa a nisan da bai fi taki goma daga gaɓa ba.

Karin maganar da muka fahimta a baibai

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Manufarsu a fili take: gwaninta ba ta da wata shaida sai mutum ya kuɓutar da kansa. Amma in ka tsaya a mashigi ka kalli yadda yaranmu ke iyo, sai ka rantse sun ɗauki "kai" ɗin nan a matsayin ƙoƙon kan da ke bisa wuya. Kai a sama, haɓa a miƙe, ana wurga shi dama da hagu, hannaye na dukan ruwa, ƙafafu na ja a ƙasa. Mai irin wannan iyo yakan ƙetare ƙaramin rafi, a ce ai wane ya iya ruwa. A gulbin da ya cika ya batse a watan Satumba, mita talatin sun isa su ƙarar da shi.

Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Kan babban mutum ya kai nauyin kilo biyar. Muddin yana cikin ruwa, ruwan ke ɗauke masa nauyin. Da an ɗaga shi sama, nauyin ya koma kan sauran jiki, sai jikin ya yi abin da sikeli ke yi: gefe ɗaya ya tashi, ɗayan ya sauka. Ƙugu da ƙafafu su nutse, mutum ya tashi daga kwance ya koma kusan tsaye. Ruwa kuwa ya fi iska kauri sau 800 ko kusa da haka, don haka mai tura faɗin ƙirjinsa da cinyoyinsa a cikinsa tamkar mai tura ƙyaure ne. Yana ƙona ƙarfi da yawa, yana buƙatar ƙarin iska, yana ƙara ɗaga kai don ya same ta, ƙafafunsa na ƙara nutsewa. Da haka gajiya ke cin mutum kafin ruwa ya ci shi.

Salon da ake kira firistayil a wuraren gasa, wato iyon rub da ciki da ake kai hannu ɗaya bayan ɗaya, shi ne mafi sauri a duk salon iyo, kuma asirinsa na ga yadda ya warware wannan matsala ta numfashi. Ƙa'idojinsa ba su da yawa.

Ta farko, kuma uwar sauran: a fitar da iska a cikin ruwa. Da zarar fuska ta shiga, sai a fara sakin numfashi a hankali ta hanci da baki, kumfa na tashi, ba tsayawa. Iskar da ke fita ta hanci ita ke hana ruwa shiga cikinsa. Idan lokacin shaƙa ya zo, huhu ya riga ya yi wuri, aiki ɗaya ya rage wa baki. Wanda ya iya wannan kaɗai ya raba kansa da rabin firgicin ruwa.

Ta biyu: kai juya shi ake yi, ba a ɗaga shi. Ido na kallon ƙasa, wuya a miƙe da gadon baya. Jiki duka ke mirginawa gefe kaɗan, kamar mai barcin da ke gyara kwanciya a tabarma, kai kuma ya bi jikin. Kunne ɗaya da kusan ido ɗaya suna nan cikin ruwa, baki ne kawai ke fitowa. Mai koyo yakan tambaya, to ba ruwa zan sha ba? Ga abin sha'awar: kan da ke tafiya gaba yana tura ɗan tudun ruwa a gabansa kamar goshin jirgi, a bayan tudun kuma akwai ɗan kwari daidai inda baki yake. A wannan kwarin gwani ke ɗebo iskarsa. Wanda ya ɗaga kai ya rushe kwarin da kansa.

Ta uku: lokaci. Kai na juyawa ne yayin da hannun wannan gefen ke gama jan ruwa zai fita, ɗayan hannun kuma na miƙe a gaba yana tallafe jiki. Shaƙa ta baki ce, gajera, ba ta cika ciki ba. Kafin hannun ya sake shiga ruwa fuska ta riga ta koma.

Ta huɗu: ƙidaya. Akwai mai shaƙa bayan kowane sara biyu, kullum a gefe guda. Akwai mai shaƙa bayan sara uku, yau dama gobe hagu. 'Yan tseren mita 50 sukan ƙare tseren da numfashi ɗaya ko biyu, wasu ma ba sa yi sam, amma masu dogon zango yawanci bayan sara biyu suke shaƙa, domin doguwar tafiya iska take so. Wannan muhawara ce ta masu neman lambar zinariya. Ga ɗan Gummi amsar ba ta buƙatar muhawara: dole ya iya gefe biyun. A kwamin wanka ruwa a kwance yake. A gulbi kuwa igiya da iska ta gefe guda suke bugowa, kuma wanda bai iya shaƙa ba sai ta dama, ranar da ruwa ya zo masa ta dama ya shiga uku.

Sai ƙari biyu da gulbi ya wajabta. Ba a ja da kwararar ruwa gaba da gaba; a karkace ake yanka ta, a yarda a fita can ƙasa da inda aka nufa. Kuma kafin duk wani salo, yaro ya fara iya juyawa rigingine ya kwanta a kan ruwa, kunnuwa a ciki, ciki a sama, hannaye a baje. Huhun da ke ɗauke da iska gora ce da Allah Ya ɗaura wa kowa a ƙirji. Mai iya wannan kwanciya yana iya hutawa a tsakiyar ruwa, ya natsu, ya jira ceto ko ya sake ɗaura niyya. Iyo da kai a sama ma yana da ranarsa, masu ceto na yin sa na ɗan taƙi don kada wanda suke nufa ya ɓace musu. Laifin shi ne ya zama shi kaɗai mutum ya sani.

Ba kayan Bature ba ne

Na san abin da wani zai ce: wannan ai wasan 'ya'yan masu kuɗi ne a otal-otal na Abuja. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. A shekarar 1844 wasu mutum biyu daga ƙabilar Ojibwe ta Arewacin Amurka suka nuna irin wannan iyo a Landan, jaridun Ingila suka ga abin a matsayin hargitsi marar tsari, Turawan suka ci gaba da iyonsu na kwaɗo shekaru da dama. Sai daga baya wani yaro ɗan tsibiran Solomon, Alick Wickham, ya ba mutanen Sidni mamaki da salon garinsu, daga nan masu horarwa na Ostireliya suka ɗauka suka gyara, ya bazu a duniya. Masanin tarihi Kevin Dawson, a littafin da ya wallafa a 2018, ya tattaro shaidar matafiyan Turai da suka zo gaɓar Afirka ta Yamma ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suna mamakin yadda mutanen wurin, maza da mata, suka fi su iya ruwa nesa ba kusa ba, kuma da salon kai hannu ɗaya bayan ɗaya suke yi.

Ba sai mun je gaɓar teku ba. Ruwan da ya wuce Gummi ƙasar Kabi yake gangarawa, inda bikin kamun kifi na Argungu ke gudana tun 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2016. Duk wanda ya kalli wasannin kabanci ya ga tseren iyo, da nutso, da kamun kifi da hannu, da tseren jirage. Ya ga masunta sun rungumi gora suna yawo a kan Matan Fada kamar a tsakar gida. Sarkawa da sarakunan ruwa sun san ruwa sani na haƙiƙa.

Matsalar ita ce mun bar wannan sani ya zama gadon gida, kamar ƙira ko jima. Ɗan masunci ya iya, ɗan manomi da ke hawa jirginsa kullum bai iya ba. Muka kuma lulluɓe abin da asiri, har talaka ya ɗauka wanda ya daɗe a ƙarƙashin ruwa wani abu aka ba shi ya sha. Gulbin da ya ci mutum sai a ce ai dama duk shekara sai ya karɓi rabonsa. Da an ce rabo ne, an rufe ƙofar tambaya.

Bulala da allo

Ni kaina ɗan wannan tarbiyya ne. Ina yaro, in an kai mu hutu wajen dangin mahaifiyata a ƙasar Bukkuyum, dokar farko da ake karanta mana ita ce ta gulbi. Wanda ya dawo da jan ido da furu-furun ƙafa, ba a tambayarsa, dorina ce ke magana. Dukan bai hana mu zuwa ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya koya mana zuwa a ɓoye, da tsakar rana, lokacin da babu babba ko ɗaya a bakin ruwa. Malaminmu na iyo wani yaro ne da ya girme mu da shekara biyu, darasinsa kuma guda ne: a tura ka, in ka sha ruwa ka koya.

A makarantar sakandare kuma aka rubuta mana sunayen salon iyo huɗu a allo, muka haddace, muka ci jarrabawa, ba wanda ya jiƙa ko ɗan yatsa. Sai da na haura shekara talatin, ina aiki a birni, na biya kuɗi aka koya mini. Ranar farko mai koyarwar bai bar ni na motsa hannu ba. Ya tsayar da ni inda ruwa ke iya ƙugu ya ce, "Malam, sa fuskarka ka yi kumfa." Na yi daƙiƙa uku na ɗago ina haki kamar an biyo ni. A mako na uku na ƙetare kwamin ba tare da tsayawa ba. Abin da na ji a ranar ya fi kusa da haushi a kan murna: ashe abin da ya tsaya tsakanina da halaka duk shekarun nan bai wuce darasin mako uku ba.

Tsoron iyayenmu ba wauta ba ne, ƙauna ce da ba ta sami kayan aiki ba. Wanda ba shi da uzuri shi ne ni da kai, mai karatu. Da yawanmu muna biya wa 'ya'yanmu kuɗin koyon iyo a Kano da Kaduna da Abuja, muna ɗora hotunansu a Facebook da tabarau na ruwa, yaran da watakila ba za su taɓa hawa kwale-kwale ba. 'Ya'yan 'yan'uwanmu da ke hawansa safe da yamma kuwa, abin da muke aika musu shi ne "Allah Ya kiyaye gaba."

Hujjojin masu ja

Akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu hujjojinsu na da nauyi.

Na farko zai ce: kana so ka sauke wa gwamnati nauyi ka ɗora wa talaka. A'a. Iyo ba ya maye gurbin gada, ko jirgi mai lafiya, ko rigar kariya, ko aikin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, na hana lodin ganganci da tafiyar dare. Jirgin da ya kife da mutum 70 a tsakiyar ambaliya, ana riƙe juna ana danne juna, yana iya cin gwani ma. Haɗarin Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, inda mutane sama da 100 suka salwanta a Kogin Kwara, ba darasin kumfa ne zai hana shi ba. Amma gada na jiran kasafi da ɗan kwangila, numfashi kuwa ba ya jiran sa hannun kowa. Kuma ba duk wanda ruwa ke ci a jirgi yake ba. Akwai yaron da ya zame a kududdufin bayan gari, da yarinyar da ta bi kwanon da ruwa ya ja, waɗanda ba sa shiga labarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Na biyu zai ce: in ka koya wa yaro, ka ba shi lasisin zuwa gulbi. Yaron yana gulbin tun jiya. Bangaladash, ƙasar Musulmi mai koguna da talauci irin namu, ta gwada. A ƙarƙashin shirin SwimSafe, ana kafa shingen gora a cikin tafkin ƙauye, a horar da matasan garin maza da mata su zama malamai, yaro ba ya samun shaidar kammalawa sai ya yi iyon mita 25 ya kuma tsaya a kan ruwa na daƙiƙa 30. Binciken da aka wallafa a 2012 ya nuna mutuwar ruwa ta ragu ƙwarai a tsakanin yaran da suka bi shirin. Ba su gina kwamin siminti ko ɗaya don wannan ba.

Na uku zai kawo tsaro da cuta, kuma shi ya fi kowa gaskiya. Ba mai hankalin da zai tara yara a bakin gulbi a dajin Anka ko Bukkuyum a halin da ake ciki. Tsargiya na nan a ruwan da ke kwance. Kududdufan da aka wanke ƙasar zinariya a cikinsu haramun ne ga yara. Ba mu manta da gubar dalma ta 2010 ba, wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wannan duka dalili ne na zaɓen wuri da idon ma'aikatan lafiya, a cikin gari, da rani lokacin da ruwa ya ja baya. Sannan darasin farko, wanda ya fi kowanne muhimmanci, ba ya buƙatar gulbi. Baho ɗaya na ruwa mai tsabta a tsakar gida ya isa yaro ya koyi sa fuska, ya yi kumfa, ya juya kai gefe ya shaƙa, babba na tsaye a kansa.

Na huɗu zai ce: to mata fa? Su ne ma kan gaba a buƙata. Su ke wanki a bakin ruwa, su ke cika jirage ranar biki da ranar kasuwa, da goyo a baya, da zani da hijabin da ke naɗe ƙafa da hannu in sun jiƙe. Jirgin da ya kife a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021 ya ci aƙalla mutum 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Mata su koya wa mata, a killataccen wuri, cikin sutura, har ma ya fi, domin ranar haɗari da tufafinta za ta faɗa. Kunyar da za ta hana yarinya koyon abin da zai ceci ranta ba mu san inda aka samo ta ba.

Na ƙarshe zai ce ƙaddara. Mun yi imani da ita. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, kuma malamanmu sun sha kawo umarnin da ake dangantawa ga Sayyidina Umar na a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Mun riƙe dokin, ga hawan sallah nan duk shekara. Iyon ne muka yar a hanya.

Abin da za a iya yi kafin wata damina

Ƙananan hukumomin Gummi, Bukkuyum da Anka ba sa buƙatar jiran Abuja. Su zauna da masarautu da sarakunan ruwa, a zaɓi matasa maza da mata daga garuruwan bakin gulbi, a haɗa sanin masunta na halin ruwa da sanin masu horarwa na numfashi. A sa ma'auni bayyananne irin na Bangaladash, wanda kowane uba zai iya gani da idonsa. Makarantun firamare da na Islamiyya su karɓi darasin baho. A kowane mashigi a rataye jarkoki marasa komai a rufe da igiya mai tsawo, domin mai son ceto ya jefa daga gaɓa maimakon ya faɗa, tunda mai nutsewa yakan danne wanda ya zo cetonsa su tafi tare.

A kuma gyara kurakurai biyu da ke kashe mutane. Na farko gasar kurme da samari ke yi, inda ake jan numfashi da sauri sau da yawa kafin a nutsa. Wannan na wanke kabon daga jini, ya kashe ƙararrawar da ke cewa ka fito, sai oksijin ya ƙare mutum ya suma a ƙarƙashin ruwa ba tare da ya ji komai ba. Na biyu, al'adar kifa wanda aka tsamo ana danna masa ciki don ya amayar da ruwa. Ɓata lokaci ne, yana kuma iya tura amai cikin huhu. Wanda ba ya numfashi iska yake buƙata: a kwantar da shi rigingine, a buɗe hanyar iska, a hura masa baki da baki, a danna ƙirji, a nemi asibiti.

Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2021, ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da mutuwar ruwa. Ranar na faɗowa daidai lokacin da gulabenmu ke fara cika. Gidajen rediyonmu na Gusau da Sakkwato da Birnin Kebbi na iya ba ta awa guda, ko da rabin lokacin da suke ba sanarwar ta'aziyya ne.

Kai kuma da ke karanta wannan a ofis ko a mota, fara da kanka. In ba ka iya ba, je ka koya, girma ba ya hana sa fuska a ruwa. In ƙungiyar tsofaffin ɗalibanku ko ta ci-gaban garinku na neman aikin da za ta yi bana, kuɗin walimar shekara guda ya isa a horar da malaman iyo na gunduma guda. In ka je gida da sallah, nemi baho ka tara 'ya'yan ƙannenka. Za su yi dariya, wata gwaggo za ta ce boko ya taɓa ka. Bar ta ta faɗa. Tsaya a kansu har sai ka ga kumfa na tashi a hankali, ƙaramin kai ya juya gefe, ya shaƙa, ya koma ba tare da tsoro ba.